Bayan ruwa ya janye a Madekali

Ambaliyar 2010 ta shafi ƙananan hukumomi 55 cikin 77 na Benin, kuma har yau in kogin Kwara ya cika, shinkafar Madekali yake fara ci. Kamfanoni kan kawo buhunan abinci a makon farko, a ɗauki hoto, a tafi. Madalla. Amma yunwar gaske sai ruwa ya janye take zuwa: iri ya ruɓe, ga bashin taki.

Ɗan'uwa ɗan kasuwar Malanville, a nan taimakonka ya fi tasiri. Ba da aron motarka kwana biyu. Tura yaran shago su taya gina ɗakunan da suka rushe, ka biya su ladansu. Ɗaga wa manomi bashi har girbin rani. In bai farfaɗo ba, albasar wa za ka loda bana?