Babi Na Tara: Shurin Bindiga da Launin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa harba bindiga ya san cewa da zarar albarushi ya kama, harsashi ya fita, sai ta yi shuri ta daki kafaɗa, domin ƙa'ida ce da Allah ya shimfiɗa cikin halitta, wadda masani Isaac Newton ya bayyana a 1687, cewa kowane turi yana da martani daidai ƙarfinsa. Tun da ba shi yiwuwa a kawar da wannan shuri, hikimar maƙera ita ce su ladabtar da shi.

Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan fanni akwai Eugene Stoner na kamfanin ArmaLite a Amurka, wanda daga fasaharsa aka sami bindigar M16. A cikin gindinta akwai bututu mai ɗauke da doguwar sifirin da wani ɗan tulun ƙarfe, wanda aka jera wa ƙananan ƙarafa masu zamewa, da faifan roba a tsakaninsu. Idan hayaƙin albarushi ya koro makullin bindigar da baya, sai tulun ya tarbe shi, sifirin ta takure sannan ta mayar da shi gaba da sabon harsashi. Ƙarafan nan kuwa, saboda jinkirin da suke yi, sukan biyo baya su danne makullin, kada ya yi tsalle bayan ya rufe.

Ba a san ƙimar wannan ɗan tulu ba sai a yaƙin Biyetnam, lokacin da aka sauya albarushi, bindigogi suka ƙara sauri fiye da kima, suna cijewa a tsakiyar gumurzu, har majalisar Amurka ta yi bincike a 1967. Tulu mai ƙarin nauyi yana cikin gyare-gyaren da aka yi.

Haka al'amarin launi yake. Tun wajen 1848 rundunar hafsan Birtaniya Harry Lumsden a Peshawar ta fara sa kaki, amma bindiga ta daɗe tana baƙa, alhali baƙin abu a fili mai rairayi ba ya ɓoyuwa. Da yaƙi ya kai sojojin Amurka Afganistan a 2001 da Iraƙi a 2003, sai suka riƙa fesa wa makamansu fenti da hannunsu, daga bisani masana'antu suka bi sahu, kamar yadda kamfanin FN na Beljiyam ya fitar da bindigar SCAR mai launin ƙasa.

Abin lura shi ne, dukkan gyare-gyaren biyu daga fagen fama suka samo asali, kuma ilimin da aka saya da rayukan bayin Allah ya cancanci a karanta shi da natsuwa da tsoron Allah.