Kwashe tarkace kafin a sayar da gida

A Dogon Dutsi da Tibiri, sayar da gida ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa gidan gado ne: magada sun watse, wani yana Yamai, wani yana Doso, ba mai zama a ciki.

Kafin a kira dillali, sai an kwashe tarkace. Tsohon gida yana tara kaya: fasassun tukwane, yagaggun tabarmi, turmin da ya tsage, hauya marar ƙota. Mai saye kuwa ba kaya ya zo gani ba. Yana duba gindin bango, inda ruwan damina yake ci. Yana ɗaga kai ya dubi itacen rufi, ko gara ta shiga. In ya tarar da buhuna jingine da bango, sai ya yi zaton ana ɓoye masa tsaga, ya rage kuɗi.

Ana fito da kaya tsakar gida a hankali, don kunama tana son ƙarƙashin tarkace. Ƙarafa a kai wa maƙeri, takin awaki a kai gona. Masu kyau, magada su raba.

Akwai kayan da ba a taɓawa sai an yi tambaya: kayan ajiya. Wani maƙwabci ya tafi cin rani, ya bar akwatinsa a ɗaki, ko dammunan hatsi a rumbu. Tsofaffin gidan su suka san mai kowane abu. Ana aika masa, ya zo ya ɗauki kayansa gaban shaidu.