Bututun sanyin iska: abin da zai ƙara wa mota da abin da ƙurar Taura za ta yi masa

Wata sabuwar kwalliya ta fara shiga cikin bonet ɗin motocin samari daga Kano har Dutse. Ana kwance baƙin akwatin robar da kamfani ya sa wa matacin iska, a ɗaura bututun ƙarfe mai ƙyalli, a bakinsa a maƙala wani mataci mai siffar mazurari, ja ko shuɗi. Masu tallarsa sukan yi alkawarin ƙarin ƙarfin doki 5 zuwa 15, da ragin shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk wanda aka ce masa ga abin da zai rage masa zuwa gidan mai, dole ya saurara. Shi ya sa ya kamata direban da ke lodi tsakanin Taura, Gujungu da Ringim ya san gaskiyar abin kafin ya kai kuɗinsa Ƙofar Ruwa.

Tunanin da ke bayan na'urar sahihi ne. Injin fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙona kilo ɗaya na mai ƙurmus, wato kowace litar fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi: idan zafinta ya sauka da digiri 10, abin da silinda za ta zuƙa yakan ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari. Direbobi sun san haka a jikinsu, domin motar da ke nishi da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ita ce ke tashi da sauƙi bayan sallar asuba. To, idan aka janyo iska daga wajen ɗakin injin ta hanyar bututu mai faɗi marar kwana-kwana, an samu ɗan ƙari.

Sai dai ƙarin yana fitowa ne idan an take totur har ƙasa, injin yana juyawa da iyakar gudunsa. Mai Golf ko Sharan da ya ɗauko fasinja da buhuna daga kasuwar Gujungu ba a nan yake tuƙi ba. Abin da zai ji shi ne gurnani mai daɗi a kunne, kuma sau da yawa gurnanin ne ke sa mutum ya rantse motarsa ta ƙara ƙarfi. Batun shan mai kuwa, a shekarar 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da matacin da ya toshe, ta gano cewa a motocin injekta toshewar tana rage kuzarin tashi amma ba ta taɓa shan mai a zo a gani ba, saboda kwamfutar motar tana auna iskar da ta shiga ta ba da mai daidai da ita. Tsohuwar mota mai kafireto ce ta nuna bambanci. Idan toshewa ba ta ƙara shan mai ba, buɗewa ma ba za ta rage shi ba.

Ɗaurawar ba ta da wuya, kowane bakanike zai gama cikin sa'a guda. Zai cire kan batir, ya zare soket ɗin na'urar auna iska, ya sassauta kilif, ya ɗaga akwatin, sannan ya mai da na'urar kan sabon bututun tana fuskantar inda take fuskanta da, ya haɗa ƙaramin tiyon numfashin injin. Inda aikin ke lalacewa shi ne wurin ajiye bakin matacin. Yawancin waɗanda ake ɗaurawa a garejinmu gajeru ne, matacin na zaune tsirara a bayan lagireto, kusa da inda salansa ta haɗu da injin, yana shaƙar hucin da ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba. Akwatin kamfanin da aka jefar kuwa, da ma daga gaban mota ko gefen taya yake janyo tasa iskar. Ka ga an biya kuɗi an sayo zafi ke nan.

Babbar damuwata ita ce ƙura. Ƙasar yankin Taura ta yashi ce, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kwaso mana farar ƙura tun daga kwarin Bodele na Chadi. Je ka tsaya a Gujungu ranar kasuwa, inda hanyar Haɗeja da ta Gumel suka rabu, ka ga yadda manyan motoci da garken dabbobi ke tayar da ita. Matacin kamfani na takarda ne mai ninki, yana kama kusan duk abin da ya zo masa. Na mazurarin kuwa auduga ce da aka jiƙa da mai, salon da kamfanin K&N ya shahara da shi tun kafuwarsa a Kalifoniya a 1969. Yana sakin iska da yawa ne saboda ƙofofinsa sun fi faɗi, kuma man ne ke riƙe ƙurar. Da man ya bushe, ko aka wanke shi da fetur aka hura masa iskar falkanaiza, ya zama rariya. Na jabu da suka cika kasuwa ma wasu ko man ba su da shi. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri. Tana shiga ta gauraya da baƙin mai, ta rinƙa cin ringi da bangon silinda a hankali, har ranar da salansa za ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Bakanike mai lura yakan zare bututun ya shafa yatsa a cikinsa ta bayan matacin. Idan yatsan ya fito da gari mai ƙaiƙayi, ya san abin da injin yake ci. In kuma an cika wa matacin mai, shi ma yakan shafe siririyar wayar na'urar auna iska, mota ta fara shaƙewa, fitilar injin ta kama.

Dogon bututun da ke sauka bayan bamba, wanda shi ne ainihin mai kawo sanyin, yana da tasa matsalar da damina. Taura da Ringim suna cikin kwarin kogin Haɗeja, kuma a Agusta da Satumba ruwa yakan haye hanyoyi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Fistin yana iya matse iska amma ba ya iya matse ruwa. Idan bakin bututun ya nutse injin na aiki, zuƙa ɗaya ta isa ta lanƙwasa sandar fistin, injin ya buga nan take. Dubi motocin da aka ƙera don irin ƙasarmu: Land Cruiser ɗin da ke shiga daji sama take kai bututunta har saitin rufi, taraktocin da ke huɗa a fadama kuma suna da kofin da ke juya iska ya zubar da ƙura kafin ta isa mataci.

Wanda motarsa ta kwalta ce tsakanin Dutse da Kano, kuma yana son gurnanin, ya nemi irin mai rufaffen akwati ko katangar kare zafi, na asali, wanda aka yi wa samfurin motarsa, ya kuma ajiye tsohon akwatin don damina. Mai motar haya kuwa, kuɗin ya fi amfani a wani wurin: ya duba ko murfin akwatin yana kamawa ruf, ko kilif ɗin sun cika, ko tiyon roba ya tsage a ninkinsa an naɗe shi da tsumma. Ya daina kai matacin ana hura masa iska mai ƙarfi, domin tana yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Ya ɗaga shi ga hasken rana duk lokacin sabis, in haske ba ya ratsawa ko ya ga huji, ya sa sabo, musamman a tsakiyar hunturu.