Gargaɗi: Kada Barazanar Masu Bashin Waya Ta Jefa Ka Cikin Wani Bashin

Jama'a, a yi hattara! Manhajojin ba da rance ta waya sun yi yawa a Najeriya, kuma masu karɓo musu bashi sun mai da cin mutunci sana'a. Mutum ya ranci 'yan dubbai na mako guda, ya makara kaɗan, sai kira ba dare ba rana, sai saƙo ga surukinsa da limamin unguwa da maigidansa a wurin aiki cewa wane ɓarawo ne. Wasu har sanarwar rasuwar mutum suke yaɗawa da hotonsa, alhali yana raye.

A nan ne tsoro ke sa mutum ya ruga wata manhajar ya ranto don toshe bakin ta farko. Kafin wata ya mutu, manhajoji huɗu ko biyar ke binsa, kuɗin ruwa ya ninka uwar kuɗi. Don Allah kada ka yi haka, ko da sun rantse gobe za su zo da 'yan sanda.

Ai 'yan sandan ma doka ta ɗaure musu hannu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya kasa cika yarjejeniya irin ta bashi, ta kuma hana kama ɗan'uwansa ko matarsa a madadinsa. Maganar bashi kotu ke yanke ta. Kwashe lambobin da ke wayarka a tona maka asiri kuwa ya saɓa wa Dokar Kare Bayanai ta 2023. Tun a 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan irin wannan aika-aika, a 2022 kuma hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin ba da rancen a Legas.

Kada ka goge saƙon barazana ko ɗaya. Ɗauki hotonsa, ajiye lambar da aka kira ka da ita, ka kai ƙara FCCPC ko hukumar kare bayanai, NDPC. Shiga saitin wayarka ka janye izinin da ka ba manhajar na duba lambobi da hotuna. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka. Ka riga su faɗa wa iyalinka gaskiya, don da kunyarka suke cin kasuwa.

Amma fa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma biyansa wajibi ne. Rubuta musu abin da za ka iya biya da ranar biya, ka tura ta asusun kamfanin kaɗai, ka adana rasit.

Ku kuma da saƙon ɓatanci kan ɗan'uwanku ya shigo wayarku, kada ku tura wa kowa. Ku kira shi ku ji halin da yake ciki.