Ɗaliban Jami'a A Gonakinmu

'Yan'uwa manoma, idan damina ta zauna mukan ga samari da 'yan mata suna shiga gonaki da igiyar awo da littafi a hannu. Waɗansu suna zaton taki suka kawo, waɗansu kuwa suna tsoron ko gonar za a ƙwace. Ko ɗaya ba haka ba ne. Ɗaliban jami'a ne masu koyon bincike a ƙarƙashin wani malami.

A Amurka, tun 1987 hukumar kimiyya ta ƙasar ta soma wani shiri na biyan ɗaliban kimiyya da lissafi su yi mako takwas zuwa goma na dogon hutunsu suna bincike tare da gwani. Hutun nan nasu yana faɗawa daidai daminarmu. A Nijeriya abin da ya fi kama da shi shi ne SIWES, wanda hukumar ITF ta kafa a 1973. Ɗalibi yakan bar aji har wata shida, yana rubuta aikinsa na kullum a littafi, mai kula da shi yana sa hannu. Masu karatun noma sukan je wurare kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da tasharta ta Kadawa mai shan ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974. Jami'ar Bayero ma ta buɗe cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a 2012.

To, me ya kawo su wurinmu? Doguwa da Tudun Wada sun fi arewacin Kano samun ruwan sama, ƙasar Kiru kuma dabam take da fadamar Kadawa. Irin da ya yi kyau a tasha ba lalle ne ya yi kyau a gonarka ba, sai an gwada.

Ga yadda gwajin yake. Ɗalibi zai yanka gona ƙanana ƙanana, misali mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Wani yanki zai sa masa taki, wani ya bar shi haka nan. Wannan da aka bari shi ne ma'auni, gama in babu shi ba wanda zai san ko taki ne ya yi aiki ko albarkar shekara ce. Zai kuma maimaita kowane gwaji sau uku ko huɗu, ya jefa ƙuri'a kafin ya san inda kowanne zai faɗa. Dalili kuwa kowane manomi ya san shi: gindin gawo da tsohon makwancin shanu sun fi sauran gona ƙarfi, in sabon iri ya faɗa can shi kaɗai sai ya ci yabon da ba nasa ba. Wani masanin lissafi, Ronald Fisher, shi ya tsara wannan hanya a tashar Rothamsted ta Ingila a shekarun 1920. Da kaka sai lissafi: yankin nan kashi ɗaya ne cikin 100 na hekta, watau in ya ba da masara kilo 25, hekta za ta ba da buhu 25 mai kilo 100.

Inda aikin yakan lalace shi ne wajen tausayi. Mai gona ya ga yankin da ba taki ya yi rawaya, sai ya zaga da yamma ya barbaɗa masa kaɗan. Nufinsa alheri ne, amma ya ɓata lissafin duka, kuma rahoton da zai fito zai ce taki ba shi da amfani. Haka nan wanda ya karya ɗanyar masara daga yankin gwaji bai faɗa ba.

A ganina bai kamata ƙungiya ta ba da gona ba sai ta ga takardar jami'a mai sunan malamin da ke kula da ɗalibin. Ɗalibi mai koyo ne. Malamin shi ne mai ɗaukar nauyi, ya kamata kuma ya tako gonar da ƙafarsa ko sau biyu. A zauna tun kafin shuka a yanke wa zai ɗauki asarar yankin da aka bari ba taki, a rubuta a littafin ƙungiya. A kuma yi alkawari za a dawo a bayyana sakamako da Hausa kafin shuka mai zuwa, domin rahoton da ya kwanta a ɗakin karatu a Zariya ko Kano bai ƙara wa kowa mudu ɗaya ba. Amma kada a canja irin gida gaba ɗaya saboda gwajin shekara guda. A jira ta biyu.

Ƙungiya tana iya kai tata tambaya ma, ba sai an kawo mata ba. Wuta-wuta, wadda irinta yakan yi fiye da shekara 10 a ƙasa bai mutu ba, da tsutsar masara da ta shigo Nijeriya a 2016, duk abin ƙirgawa ne da ɗalibi ɗaya zai iya yi cikin damina guda. In akwai ɗanku ko 'yarku a jami'a, sakatare ya rubuta damuwar a takarda ya ba shi ya kai wa malaminsa tun kafin ruwan fari.