Ɗinkin Tufafin Mutanen Da, Aikin Sha'awa Ga Malamai

A ƙasar Wonaka, da maƙwabtanta na Tsafe da Bungudu, akan sami gidajen sarauta da na malamai inda har yanzu a ke ajiye da tsohuwar riga a ƙasan adaka. Wata saƙi ce, wata tsamiya, wata kuwa ta tsufa har ba mai iya faɗin sunanta sai dattijon gidan. Ba a sa ta, ba a kuma yar da ita, don ta kaka ce. A kan irin waɗannan riguna mu ke so mu yi magana da malaman makaranta da malaman ofis, domin muna ganin akwai wani aikin sha'awa a cikinsu wanda ya dace da mai ilmi in ya taso daga aiki da la'asar, watau ya koyi yadda aka ɗinka su, ya ɗinka irinsu da hannunsa.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne. A Ingila akwai wata ƙungiya mai suna Sealed Knot, wadda aka kafa a 1968. Mutanenta kowa da sana'arsa, amma ran hutu sai su sa tufafi irin na zamanin yaƙin basasar ƙasarsu da aka fara a 1642, su fita fili su kwaikwayi yadda aka gwabza. A Amurka ma akwai irinta tun 1966, ta masu son tufafin sarakunan Turai na da. Da yawa daga cikinsu su ke ɗinka kayansu. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne aikin wata Baturiya, Janet Arnold, wadda ta riƙa bin gidajen ajiye kayan tarihi tana auna tsofaffin riguna inci inci, tana zana yankansu a takarda, har ta fara buga littattafan a 1964. Masu wannan sha'awa a can suna aiki da awonta har gobe.

Mu nan Arewa mun fi su sa'a ta wani gefe, don namu kayan ba su mutu ba. Kowace salla sarakuna suna hawa da alkyabba da rawani, dogarai da jar rigarsu mai kore, 'yan lifida da 'yan sulke suna gaba. An yi babban hawan daba a Kaduna a 1956 sa'ad da Sarauniyar Ingila ta zo, aka sāke yi a 1977 lokacin bikin FESTAC, a Disamba 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Amma fa wannan sa'a ita ce ke ruɗin mu. Muna ganin mahayi ran salla sai mu ɗauka haka kakansa ya ke shiga, alhali rigarsa shadda ce daga Turai, aikin wuyanta na keke ne, ga agogo a hannu, ga tabarau.

Bari mu kawo misali na kusa da gida. A ran 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, Sarki Alu yana kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato. A ƙarshen watan nan sauran mayaƙan Kano suka yi karo da sojan Turawa a Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bungudu ta yanzu, a nan Waziri Ahmadu ya rasu, Allah ya ji ƙansa. To, a ce wani malamin tarihi a Wonaka ya so yaransa su yi wasan kwaikwayo a kan wannan rana. Me zai sa wa yaron da zai fito a Waziri? In ya ari babbar rigar hedimasta ya sa masa, yara za su yi tāfi, amma sun koyi abin da ba haka ya ke ba, kuma da shi za su girma. Mun sha ganin irin wannan a finafinan Hausa, inda a ke nuna sarkin shekara 300 da suka wuce cikin yadin da aka saya jiya a Kantin Kwari.

Rigar da irin wannan basarake zai sa ta bi ta hannu da yawa kafin ta kai gare shi. Mata su ke fara aikin: su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya karɓa ya saƙa shi siriri, faɗin kowane bai fi 'yan yatsu ba, ya naɗe shi zugu. Kowane tsiri da aka haɗa a jikin riga ana ce da shi ƙwarya, kuma da yawan ƙwarya a ke gane darajar riga, don saƙa mai kyau ita ce siririya, siririya kuwa sai an haɗa da yawa kafin ta kai faɗin mutum da hannuwansa a miƙe. Saboda haka wanda ya ɗauki tsohuwar riga, abin da zai fara yi shi ne ya ƙidaya ƙwaryarta. In zaren rinanne ne da baba, aka saƙa shi da fari ƙanana ƙanana har ya yi kamar gashin zabuwa, wannan ita ce saƙi. In fari ne tas, bullam ke nan. Tsamiya kuwa siliki ce ta ƙasarmu, daga gidan wata tsutsa da ke yin saƙarta a jikin itatuwa irin su tsamiya. Akan dafa gidan da ruwan toka, a kaɗa shi, ya fito da launi kamar ƙasa-ƙasa, ba ya ƙyalli sosai amma yana da ƙarko.

Bayan maɗinki ya haɗa ƙwarya ƙwarya, sai a kai wa mai zane. Galibi malami ne, da alƙalamin kara da tawada irin wadda ya ke rubutun allo da ita, shi zai zana aikin a jikin riga, sa'an nan masu allura, waɗanda da yawansu almajirai ne masu neman abin kai wa bakin salati, su bi zanen. Aikin yana da ƙa'ida. Babban aljihu yana gefen hagu na ƙirji, a kansa a ke jera asake, watau zanen nan masu tsini kamar wuƙa da ke saukowa daga wuya, daga yawansu kuma riga ke samun suna, aska biyu ko aska takwas. A gefen dama akwai tambari, zane mai kewaye kamar dodon koɗi, akwai wani kuma a baya. A ƙasan riga daga ciki akan sa shafi, sau da yawa na jan alharini, yadda in mai riga ya naɗe hannunta a kafaɗa sai jan ya bayyana. Daga ƙarshe a kai wa mabugi ya buge ta a kan gungume har ta kwanta ta yi sheƙi. Rigar manya takan ci watanni, shi ya sa sarki kan ba da ita kyauta ga wanda ya ke so ya girmama, ta kuma shiga cikin gado.

Sai dai kada mai sha'awa ya zarce har ya ce duk abin da ya zo daga waje ba na da ba ne. Baturen nan Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara ya kai wuri miliyan 300, amma a kasuwar ya ga yadin Ingila da ya ƙetaro Sahara a kan raƙuma. Alharinin shafi ma ta wannan hanya ya ke zuwa daga Tarabulus, haka mulufi da karan-miski da jar dara. Alkyabba kanta asalinta Arewacin Afirka. Abin tambaya a kullum shi ne, a shekarar da mu ke kwaikwayo, wannan yadi ya iso ƙasar nan ko bai iso ba, kuma wa ke da halin sa shi?

Wannan tambaya ta biyu ita ce ta fi wuya a wajen kayan haɗi. Rawani ba ɗaya ba ne: akwai farin harsa, akwai baƙin ɗan Kura mai ƙyalli wanda ke barin shuni a goshi, naɗin malami dabam, na attajiri dabam, na ɗan sarki mai kunne biyu dabam. Alkyabba ta sarki ce da waɗanda aka yarje wa. Takalmin gashin jimina a Kano na sarki ne. Manomi kuwa ko bawan gona na 1903 taguwa ce da bante ko warki, da malfa in rana ta yi zafi, kuma mu a ganinmu wanda ya ɗinka taguwar talaka daidai ya fi wanda ya ɗinka alkyabba bisa kintace, don talakawa su ne suka fi yawa, su ne kuma kayansu suka fi ɓacewa, tun da ba wanda ya ajiye su a adaka. Haka zanen mata: a tambayi tsofaffi yadda a ke ɗaura shi, da irin fatala da murjani da mundaye da a ke haɗawa.

Kayan yaƙi sun fi kowane tsufa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Sulke aikin maƙera ne, mai allura ba shi da hannu a ciki. Amma lifidi ɗinki ne zalla, yadi biyu a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da allura layi layi don kada ta tattaru wuri guda, a yi wa doki nasa a yi wa mahayi nasa. Ajin yara manya da malami mai haƙuri za su iya yin ƙaramin lifidi cikin zango ɗaya, ga rimi kuwa ba ya wuyar samu a ƙasar Hausa.

Me ya sa mu ke gaggawa? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ya iso Gusau, ya riƙa kwashe auduga da gyaɗa yana sauke yadin kanti. Keken ɗinki ya biyo baya, daga nan keken aikin wuya, wanda ke gama a kwana biyu abin da hannu ke yi a wata uku. Ba mu zargin kowa, don mai iyali arha ya ke nema. Amma sakamakon shi ne masu kaɗi da masu saƙar gargajiya sun ragu ƙwarai, waɗanda suka rage kuwa sun manyanta. Ga kuma masifar 'yan bindiga da ta addabi Zamfara fiye da shekara goma, ta tashi ƙauyuka da dama. Wanda ya gudu da dare da 'ya'yansa ba ya tsayawa ɗaukar rigar kaka. Kowace adaka da ta ƙone, da kowane dattijo da aka binne ba a tambaye shi ba, wani abu ya tafi wanda ba a rubuta shi ko'ina ba.

A zamanin En'e, kafin a sauya tsarin mulkin ƙananan hukumomi a 1976, malamin hakimi shi ke riƙe da littafin haraji da na jangali, ya san kowane gida. Magadansa na yau, da malaman makaranta, su ne mutanen da dattijo zai yarda ya buɗe musu adaka. In an sami izini, a shimfiɗa rigar a kan tabarma mai tsabta cikin inuwa. A auna tsawo da faɗi da zurfin aljihu, a ƙidaya ƙwarya, a juya ta a duba ɗinkin ta ciki, don a nan a ke gane hannun gwani. A ɗauki hoto da waya gaba da baya, a zana aikin wuyan a takarda mai gida-gida. Sa'an nan a rubuta abin da mai ita ya faɗa: ta wa ce, ina aka saya ko wa ya ba da ita, da wane suna ya ke kiran kowane zane, ko da sunan ya saɓa da na Kano ko Zariya. Kada a wanke ta, don ruwa zai tafi da bugun, kada kuma a ɗaure ta cikin leda. A mayar wa mai ita a ranar.

Wanda bai sami riga a garinsu ba, in ya je Kano ya shiga Gidan Makama, ko ya ziyarci ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A birnin Zariya kuwa aikin hannu yana nan da ransa, har mata sun shiga cikinsa, ga ƙungiyarsu ta Queen Amina Embroiderers da aka kafa a 1994. A Jami'ar Ahmadu Bello ma wani malami Bature, David Heathcote, ya yi shekaru cikin shekarun 1970 yana tattara zanen riguna da huluna da wanduna daga bakin masu sana'ar.

Shawararmu ga mai farawa, kada ya tasam ma aska takwas. Ya sayi farin yadin auduga kamu biyu, da allura da zare, ya zana aljihu guda da aska biyu, ya kai wa tsohon maɗinki ya nuna masa yadda a ke riƙe allura, ya biya shi ladan koyarwa kamar yadda a ke biyan kowane malami. In hannu ya faɗa, sai hula, sai wando buje, sai riga. Ran da ya gama kuma, ya ɗinka 'yar ƙyalle daga ciki wajen shafi, ya rubuta sunansa da shekara da sunan gidan da ya kwaikwayi rigarsu, don kada nan da shekara 50 wani ya tsince ta a adaka ya ce ita ce aka sa a Kwatarkwashi.