Arduino na ba da lambobin da ba daidai ba: yadda ake gano inda matsalar awo take

A makarantun fasaha na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da kuma shagunan masu gyaran rediyo da salula, ana ƙara samun matasa masu haɗa ƙananan na'urori da katin Arduino. Wani yana son ya san ƙarfin da ya rage a batirin sola na gidansu, wani kuma yana son famfo ya tashi da kansa idan ƙasar garka ta bushe. Kusan dukansu suna cin karo da matsala guda: lambobin da ke fitowa a kwamfuta suna ta tsalle, ko sun kafe wuri ɗaya, ko sun saɓa da abin da mitar hannu ta nuna. Da yawa sai su ce katin ya ƙone, su shiga neman wani, alhali kayan ba a ko'ina ake samun su ba. A mafi yawan lokuta kuwa katin lafiyarsa lau, matsalar tana cikin wayoyi ko cikin lissafi.

Mene ne aikin wannan sashe?

An ƙirƙiro Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya a shekarar 2005. Samfurin da ya fi yaɗuwa, wato Uno, yana ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega328P. A cikinta akwai sashen da ke juya ƙarfin wuta zuwa lamba, wanda ake kira ADC, ko CAN a takardun faransanci. Yana da ƙafafu shida na shigar da awo, daga A0 zuwa A5, kuma amsar da yake bayarwa lamba ce tsakanin 0 da 1023.

Abin lura shi ne wannan sashe bai san volt ba. Kwatantawa kawai yake yi tsakanin wutar da ta shigo da wata wuta da ya riƙe a matsayin ma'auni. Kamar mai awon hatsi ne a kasuwa: idan tiyarsa ta ƙanƙance, buhun da aka saba samun tiya 40 a ciki sai ya ba da fiye da haka, ba tare da an ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. A katin Uno, idan ba a canza komai ba, ma'aunin shi ne wutar da ke ciyar da katin, wadda ake ɗauka volt 5 ce. Kowane mataki ɗaya cikin 1024 yana daidai da kusan milivolt 4,9.

Gwaji uku kafin a zargi katin

A cire duk abin da aka jona a ƙafar A0. A haɗa ta da mas, wato ƙafar da aka rubuta wa GND: ya kamata a ga 0. A haɗa ta da ƙafar 5V: ya kamata a ga 1023. Sannan a haɗa ta da ƙafar 3,3V: amsar za ta kasance kusa da 675. Idan ukun nan sun fito, sashen awon yana aiki, sai a nemi matsalar a waje.

Ƙafar da ba a jona ta da komai ba tana nuna lambobi barkatai, har ma takan canza idan an kusanto da hannu. Wannan ba lalacewa ba ce. Shi ya sa idan lambobi suna tsalle sosai, abu na farko da za a duba shi ne ko wata waya ta saki. Allon gwaji mai ramuka, wanda ake soka wayoyi a ciki, yana saurin sakin waya idan ƙura ta shiga ramukan, abin da ba ya wuya a lokacin hunturu. Na'urar da za ta zauna a garka gara a liƙe wayoyinta da dalma.

Idan ma'aunin ya ragu

Gwaji na uku yana tona wani asiri. Idan maimakon 675 aka ga lamba kusa da 719, to wutar da ke ciyar da katin ba ta kai volt 5 ba, tana wajen 4,7. Haka na faruwa da cajar salula mai rauni ko wayar USB doguwa kuma siririya.

Ga abin da hakan ke jawowa. Ba a jona batirin volt 12 kai tsaye a ƙafar awo, domin duk abin da ya haura wutar katin da fiye da rabin volt zai iya ƙona ta. Ana rage wutar ne da rezistans biyu, misali mai kilo-om 30 da mai kilo-om 10, waɗanda ke raba ta gida huɗu. Batirin da ke da volt 12,0 zai aiko da volt 3,0. Idan ma'aunin ya sauka zuwa 4,7, katin zai karanta 653. Tsarin da aka rubuta da zaton volt 5 zai lissafa wannan ya ce batirin yana da kusan volt 12,75. Batirin dalma da ya huta yana nuna wajen 12,6 zuwa 12,7 idan ya cika, a 12,0 kuwa kusan rabinsa ya tafi. Ke nan na'urar za ta ce batir cike yake alhali ya kai inda ya kamata a rage masa kaya. Batirin dalma da ake yawan zuƙewa fiye da rabi ba ya daɗewa, kuma duk mai sola ya san tsadarsa.

Maganin shi ne a auna ƙafar 5V da mitar hannu, a sa ainihin adadin cikin lissafi. Wata hanyar ita ce a koma ga ma'aunin cikin ƙwaƙwalwar mai volt 1,1, wanda ba ya bin hawa da saukar caja. Sai dai shi ma yakan bambanta daga kati zuwa kati, tsakanin 1,0 da 1,2, don haka sai an daidaita shi sau ɗaya da mita, an kuma canza rezistans ɗin yadda wutar da ke shigowa ba za ta wuce shi ba. Bayan canza ma'auni a jefar da karatun farko.

A kula kuma: farantin sola da ake kira na volt 12 yakan ba da fiye da volt 20 a rana idan ba a jona shi da komai ba. Rabon gida huɗu bai isa a auna shi ba.

Mas ɗaya da rezistans madaidaici

Dole ne mas na abin da ake aunawa ya haɗu da mas na katin. Idan batir yana gefe, katin yana cin wuta daga kwamfuta, kuma waya ɗaya tak ta haɗa su, lambar da za ta fito ba ta da ma'ana.

Wasu kuma sukan sa manyan rezistans, na dubban kilo-om, don kada batir ya zube. Matsalar ita ce sashen awon yana cika wata ƴar ƙaramar kwandansa a cikinsa kafin kowane karatu, kuma takardar bayanan ƙwaƙwalwar ta ba da shawarar kada turjiyar hanyar shigowa ta wuce kilo-om 10. Idan ta wuce, kwandansar ba ta cika a kan lokaci, har karatun wata ƙafa yakan shafi na maƙwabciyarta. Haɗin 30 da 10 da aka ambata yana ba da 7,5, ya wadatar. Kwandansa mai nanofarad 100 tsakanin ƙafar awo da mas tana taimakawa ƙwarai.

Hayaniyar wuta

Idan lambobin suna ɗan rawa ne kawai, musamman lokacin da famfo ko injin ya tashi, hayaniyar lantarki ce ke shiga wayar. A gajarta wayoyin awo, a nisanta su da na injin, a ba injin wutarsa daban. Wutar gida a Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, zagaye ɗaya yana cin kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa. Idan aka ɗauki karatu da yawa a tsawon wannan lokacin aka fitar da matsakaicinsu, galibin rawar tana gushewa.

Idan an jona ADC na waje

Masu neman awo mai zurfi sukan ƙara ADS1115 na kamfanin Texas Instruments. Yana magana da katin ta wayoyi biyu, SDA da SCL, waɗanda a Uno su ne A4 da A5, don haka ƙafafun biyu ba su sake yin awo. Idan bai amsa ba, a duba ko an juya wayoyin, sannan a duba adireshinsa: 0x48 ne idan ƙafar ADDR tana haɗe da mas. Idan lambar ta kafe a 32767, wutar da ke shigowa ta kai iyakar zangon da aka zaɓa a cikin tsari, sai a faɗaɗa zangon. Ko da an zaɓi zangon volt 6,144, ba a ba shi wutar da ta wuce wadda ke ciyar da shi.

Katin ESP32 kuma yana da nasa tarkon. Lambobinsa daga 0 zuwa 4095 suke, yana aiki da volt 3,3, kuma rukunin ƙafafunsa na ADC2 ba ya awo muddin Wi-Fi yana kunne. Sai a koma ƙafafun da ke tsakanin 32 da 39. Shi kuwa Raspberry Pi ba shi da sashen awo sam, dole a ƙara masa irin su MCP3008.

Tsarin binciken dai ɗaya ne a kowane kati: a gwada ƙafar da wutar da aka san adadinta, a auna ma'aunin, a tabbatar da mas, sannan a duba lissafi. Sai waɗannan duka sun kasa ne ake maganar sayen sabo.